Wanda kika bi ya tafi: nazarin lamarin wata mai man gyaɗa a Maradi

Matar da wannan nazari ya shafa ta haura shekara 40 kaɗan, tana da 'ya'ya huɗu, kuma da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take ciyar da su a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bakin garin Maradi. An sakaya sunanta da na duk wanda ke cikin labarin, don har gobe dangi ɗaya ne, suna haɗuwa wajen suna da biki. An rubuta shi ne saboda masu ziyarar gidaje a ikilisiyoyinmu, fastoci da dattawa da shugabannin zumuntar mata, domin lamarin bai yi kama da abin da muka saba kira tsanani ba. Ba wanda ya ɗaga mata hannu, ba a kore ta daga gida ba, ba a kai ta gaban alƙali ba. Tayin alheri aka yi mata, babba kuwa, da sharaɗi guda a gindinsa. A ganina ƙin karɓar irin wannan tayi ya fi jure zagi wuya.

Asalin gidan

A wani ƙauye na yankin Gidan Rumji aka haife ta, gidan Musulmi. Mijinta magini ne daga wajen Tibiri, shi ma ɗan gidan Musulmi. Sun yi aure, suka haifi ɗan fari, kakan yaron ya raɗa masa suna aka yanka rago, sannan suka dawo Maradi neman aiki. Wani aikin gini da ya kai mijin Danja, inda mishan ɗin SIM ke da asibitin masu kuturta tun shekarun 1950, shi ya haɗa shi da wasu magina Kirista. Daga hirar rana a gindin itace aka kai ga zuwa sujada, daga nan aka kai ga baftisma. Ita ba ta bi shi nan take ba. Ta yi shekara uku tana sallarta a ɗaka yana tafiya majami'a, danginta suna aiko mata da cewa ta tattaro kayanta ta dawo gida, tana ƙi. A ajin yaƙi da jahilci na matan ikilisiya ta koyi karatun Hausa, kuma da Littafi Mai Tsarki ta koya, don shi ne littafin da ke gidan. Bayan haka ta nemi baftisma da bakinta.

Danginta ba su taɓa ɗaukar wannan a matsayin shawararta ba. Cewa suka yi mace ce, bin miji take. Wannan uzuri ya rufa mata asiri shekaru da yawa: ana zuwa gidanta, ana cin tuwonta, ana tausaya mata, laifin duka a wuyan mijin yake.

Bahaushe Kirista ba baƙon abu ba ne a ƙasar Maradi. SIM ta shigo Nijar ta Damagaram a 1924, ba a jima ba ta kafa tasha a Tibiri, kuma ikilisiyar EERN da ta tsiro daga wannan aiki da Hausa take sujada a nan. Tun 1932 akwai cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Katolika kuma sun sami bishop nasu a Maradi a 2001. Sai dai ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin ƙasar duka ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, don haka duk wanda ya fita daga Musulunci a cikin dangi, kowa ya san sunansa da na kakansa. Garin kuma yana da abin tunawa. An kai wa majami'u hari a tarzomar Nuwamba 2000 da ta tashi a kan bikin nuna tufafi na FIMA, an ga yadda aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai a Janairun 2015, kuma a Yunin 2019 an cinna wa majami'ar Assemblées de Dieu ta unguwar Zariya wuta bayan kama wani limami. Uwar matar, tsohuwa a ƙauye, ba ta san bambancin wannan majami'a da waccan ba. Abin da ta ji kawai shi ne an ƙona ɗakin da ɗiyarta ke shiga.

Rasuwa da takaba

Mijin ya faɗi a wurin aiki da hawan jini, ya kwana tara a asibiti, ya rasu. Wansa, wanda zan riƙa kira Alhaji kamar yadda kowa ke kiransa, ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Shi ya biya takardun magani tun daga ranar farko har ta ƙarshe, ba tare da an roƙe shi ba. Ya kamata a riƙe wannan, don duk wanda ya karanta sauran labarin yana ganin Alhaji mugu ne bai fahimce shi ba.

Da aka zo batun gawa, Alhaji ya ce ba za su yi masa salla ba tunda a kan abin da ya zaɓa ya mutu, amma ya roƙi fasto kada a bi da shi ta ƙofar gidansu da waƙe-waƙe. Fasto ya yarda. Ikilisiya ta binne shi a maƙabartar Kirista, Alhaji ya aiko da farin yadi bai je ba. Aka yi zaman makoki biyu, ɗaya a gidan matar, ɗaya a ƙofar Alhaji, masu gaisuwa da yawa suka taka duka biyun. Abin da ya ba wasu dariya a cikin hawaye shi ne batun sadakar uku da bakwai da arba'in. Gwaggwannin mamacin sun so a yi, ikilisiya ba ta yi, Alhaji kuma mutumin Izala ne, bidi'a yake kiranta. A kan wannan kaɗai bakinsa ya zo ɗaya da na fasto.

Takaba ce ta fara fito da maganar fili. A Musulunci wata huɗu da kwana goma ce. A ikilisiya ba mu da dokar kwanaki, kuma wasu matan zumunta suka ce mata ba ta ƙarƙashin wannan, ta fita ta ci gaba da sana'arta. Ta ƙi. Ta ce mijinta ɗan mutane ne, uwarsa na raye, ba za ta sa a ce matar ɗansu ta yi kwalliya ta shiga kasuwa tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Ta ajiye tozali da lalle da 'yan kunne, ta daina fita, ta cika kwanakin cif. Abu ɗaya ta ware: safiyar Lahadi takan lulluɓa, ta riƙe hannun ƙananan yaran, ta tafi sujada, ta dawo ba ta tsaya gaisawa a hanya ba.

Wannan fitar ta Lahadi ita ta karya uzurin da aka daɗe ana yi mata. A mako na uku uwarta ta taso daga ƙauye, ta zauna a bakin gado, ta ce:

"Ɗiyata, wanda kika bi ya tafi. Me ya rage kuma? Ki tashi ki yi wanka ki yi salla, mu ma mu samu mu ɗaga kai a gari."

"Inna, ba shi na bi ba. Da shi na bi, da tun shekarar da ya shiga na shiga."

"To wa kika bi?"

"Yesu Almasihu, Inna. Shi kuma bai tafi ba."

Tsohuwar ta yi kuka, ta kwana biyu ba ta ci abincin gidan ba sai furar da take aika jika ya sayo mata a waje, sannan ta koma. Matar ta gaya wa matar fasto daga baya cewa a duk abin da ya biyo baya, babu wanda ya yi mata zafi kamar ganin uwarta tana ture kwanon tuwo.

Tayin Alhaji

Da takaba ta ƙare Alhaji ya aiko a kira ta. A zaure ya karɓe ta, uwargidansa na zaune gefe. Ya yi magana a tsanake, kuma abin da ya shimfiɗa ba ƙarami ba ne. Zai ɗauki ci da sha da kuɗin lakwal na yaran huɗu. Zai ba ta jari. Akwai jikka 300 na sefa da ƙanensa ya ranta a wurinsa lokacin da zai rufa kwano a gidan da suke ciki, zai yafe. Akwai kuma wani abokin cinikinsa, mutum mai mutunci, da ke neman mata ta biyu. Abu guda yake so: ta dawo, yaran su dawo.

"Ke ƙanwata ce, ba baƙuwa ba. Waɗannan yara jinina ne. Ranar gobe me zan ce idan aka tambaye ni marayun ƙanena?"

Ba wayo yake yi mata ba. A al'adarmu 'ya'ya na gidan uba ne, kuma a addininsa riƙon maraya ibada ce. Mutumin da ya gaskata cewa 'ya'yan ƙanensa na kan hanyar halaka, idan ya naɗe hannu, a wurinsa shi ne marar imani. Ta san haka, shi ya sa ba ta yi masa gardamar addini ba. Ta durƙusa ta ce:

"Yaya, Allah ya saka da alheri. Abin da ka yi a asibiti ba zan manta ba har in mutu. Yaran naka ne, ƙofa a buɗe take dare da rana. Bashin kuma zan biya, kaɗan-kaɗan. Amma in ce maka na dawo alhali zuciyata ba ta dawo ba, ƙarya zan yi maka, in yi wa Allah."

Uwargidan ta ja tsaki. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce ta je ta yi tunani.

Wasu ƙannen mamacin suka taso da batun gidan, wai a sayar a raba. Nijar ba ta da dokar iyali guda ɗaya, kuma a sha'anin aure da gado kotuna al'adar masu shari'ar suke bi, wadda a Maradi ta cakuɗe da fiƙihun Malikiyya. Kafin a kai can, maganar ta je gaban mai unguwa, shi kuma ya kira wani malami dattijo. Malamin ya tuna musu cewa hukuncin da aka kafa hujja da shi aka hana mamacin rabonsa a gonar ubansu, wato ba gado tsakanin masu addini biyu, shi ne dai ya hana su gadonsa yau. Takardar fili da sunan mamacin take, shi ya sayi wurin da guminsa. Maganar gida ta mutu a nan, kuma Alhaji da kansa ya tsawata wa ƙannen. Bashi dai ya tsaya, tunda sharaɗin yafe shi bai cika ba.

Man da aka daina saye

Wanda bai taɓa tsayawa kusa da mai yin man gyaɗa ba ba zai san abin da jikka 300 ke nufi a hannunta ba. Ana soya gyaɗar a kasko ana juyawa kada ta ƙone, a murje, a sheƙe ɓawon, a ɗora a kai zuwa inji. In an dawo da ƙullun sai a zuba a turmi, ana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa da taɓarya, har kafaɗa ta yi tsami kafin man ya fara tasowa sama. A kwashe, a matse tunkuzar da hannu, a mulmula ƙuli-ƙuli, a soya shi cikin man da aka fitar. Sau da yawa kuɗin man uwar kuɗi kawai yake mayarwa, ribar tana cikin ƙuli-ƙulin. Masu sayen kuwa yawancinsu matan kulle ne na unguwa, masu aiko yara da kwalba ko su tare 'yar talla a ƙofar gida.

Cikin 'yan makonni da jin amsar da ta ba Alhaji, yaran kwalba suka ragu. Ɗiyarta ta biyu, mai talla, ta riƙa dawowa da tiren a cike, wata rana kuma da kuka, an ce mata man kafirai. Uwar adashin da take zubi shekara da shekaru ta aiko mata da abin da ta zuba, wai mata sun ce zubin ya cika. Ba wanda ya shirya taro ya ce a ƙaurace mata. Kowace dai ba ta so a gan ta tana shiga gidan. Da can mai bin miji Kirista ake ganinta, abin tausayi. Yanzu ta zama wadda aka ba hanya ta ƙi.

Malamin nan dattijo ya sake amfani a nan, ba tare da kowa ya roƙe shi ba. Matarsa ba ta daina saye ba, kuma da aka yi masa ƙorafi ya ce gyaɗa ba ta da addini, haƙƙin maƙwabci kuma bai faɗi don maƙwabci ya saɓa maka ba. Bai yarda da abin da ta zaɓa ba, ya faɗa mata haka ido da ido, ya ce yana roƙa mata shiriya. Ta ce ita ma tana yi masa addu'a. Wasu gidajen suka dawo a hankali, wasu har yau ba su dawo ba. Ta koma kai ƙuli-ƙuli wa masu tsire da masu shago a wata unguwa mai nisa, inda ba a san labarinta ba, kuma kuɗin kabu-kabu yana cin wani abu daga ribar.

Abin da ikilisiya ta kawo

Ikilisiya ba ta yi watsi da ita ba, amma shawarwarin farko ba su dace da matar da ake ba su ba.

Wani dattijo ya ce a kwashe ta da yaran zuwa Yamai, akwai gidan da za ta yi aiki. Ta ce uwar mijinta tsohuwa ce, tana son ganin jikokinta, kuma wanda ya gudu da bashi a kansa ɓarawo ake kiransa, ba mai bi ba. Wani saurayi mai hulɗa da masu taimako a ƙasashen waje ya ce zai iya samo kuɗin bashin a mako guda, in dai za a ɗauki hotonta da na yaran a rubuta labarin yadda dangi suka tsananta mata. Nan ne kaɗai aka ga ɓacin ranta a fili. Ta ce wa fasto:

"Baba Fasto, mutumin da ya biya maganin mijina kwana tara, shi zan sa a buga a duniya cewa azzalumi ne? Yaran nan sunan gidansu suke amsawa."

Ta yi gaskiya, kuma wannan wuri ya cancanci a tsaya a kansa. Labarin tsanani yana da kasuwa, kuma mai ba da shi yakan rage duk abin da bai dace da hoton ba: takardun maganin, farin yadin, tsawar da Alhaji ya yi wa ƙannensa, malamin da ya tsaya mata. Facebook ba shi da katanga. Da hoton ya fita, da ya dawo wayar wani ɗan gidan Alhaji kafin kuɗin su iso, kuma da ƙofar da take shiga gaida surukarta ta rufe har abada. Da ikilisiya ta biya bashin ta wannan hanya, da ta sayar da zumuncin dangi.

Akwai kuma abin da ba a faɗa da ƙarfi ba: wasu a cikin ikilisiya su ma jira suke su ga ko za ta koma. Tunaninsu bai bambanta da na uwarta ba, cewa bangaskiyar ta mijin ce. An yi watanni ana yi mata kallon wadda ake gwadawa. Wannan ma rashin amincewa ne, kuma daga cikin gida ya fito.

Taimakon da ya yi aiki daga zumuntar mata ya zo, ba shi da hayaniya. Suka haɗa kuɗi suka saya mata buhun gyaɗa a lokacin kaka, sa'ad da take araha, a matsayin rance. Suka sa ta cikin adashinsu. Suka mayar da sayen man gidajensu wurinta. Matar fasto takan je ranar Laraba ta zauna tana taya ta mulmula ƙuli-ƙuli, a yi karatu da addu'a a nan bakin murhu. Nassin da matar ta riƙe ba wanda aka saba karanta wa gwauraye ba ne. An karanta mata Zabura 68, inda aka kira Allah uban marayu mai kāre gwauraye, ta ce amin. Amma wanda take komawa gare shi shi ne Daniyel sura 3, amsar samari ukun nan ga Nebukadnezzar: Allahnmu yana da ikon cetonmu, ko da kuwa bai cece mu ba, ba za mu yi wa gunkin sujada ba. Ta ce rabin ƙarshen take so, don ba ta san wanne Allah zai yi da ita ba.

A aikace dogararta ga Allah ba ta wuce abubuwa 'yan kaɗan da take maimaitawa ba. Ƙarshen kowane wata takan kai jikka biyar ko goma gidan Alhaji da kanta, a rubuta a littafi. Kowace Juma'a da yamma takan tafi da ƙananan yaran gaida surukarta, da ƙullin ƙuli-ƙuli. An yi watanni tsohuwar tana amsa gaisuwar jikoki tana kawar da kai daga uwarsu. Ba ta fasa ba. In azumi ya zo takan aika da ƙosai gidajen maƙwabta da magariba, in Kirsimeti ya zo ta aika da shinkafa, wanda ya karɓa ya karɓa, wanda ya mayar ya mayar.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar da ke zuwa yankin Maradi daga Katsina, kuɗin niƙa ya hau, kayan masarufi suka yi tsada, ta kasa biya wata biyu a jere. Ba ta ɓuya ba. Ta je da hannu wofi ta ce, "Yaya, wannan watan ban samu ba." Shi ma a lokacin kasuwarsa ta tsaya cik. Ya ce Allah ya hore, bai ƙara komai ba. Bai yafe ba, bai kuma matsa ba.

Babban ɗa

Nan ne lamarin ya fi nauyi, kuma nan ne ra'ayin dattawa ya rabu har yau.

Ɗan farin yana da shekara 16 lokacin da ubansa ya rasu. Ya tashi a majami'a, amma ba a yi masa baftisma ba, kuma ya san cewa shi kaɗai ne a cikin yaran kakansa ya raɗa wa suna. Ya ga uwarsa tana ƙidaya dala-dala, ya ga 'ya'yan Alhaji da babura. Alhaji ya ce masa akwai wuri a shago. Bayan wata shida yana zuwa shagon ya fara bin sahu a masallacin kasuwa, daga baya ya kwashe kayansa ya koma can gaba ɗaya. Ko don ciki ya yi, ko don gajiya da zama bare a cikin sa'o'insa, ko don ya gamsu a ransa, shi da Allah suka sani. Waɗanda suka yi hira da shi sun ce yana sallarsa ko ba kowa a wurin.

Wasu dattawa suka ce a kai ƙara, yaro bai kai 18 ba, uwarsa na da iko. Wasu suka ce ta hana shi shiga gidan kada ya ja ƙannensa. Wata 'yar'uwa, cikin ganin tana ƙarfafa ta, ta ce da addu'arta ta yi ƙarfi da bai tafi ba. Wannan magana ba ta da tushe a Nassi, kuma zalunci ce. Fasto ya ja kunnen mai ita.

Ba ta kai ƙara ba, ba ta rufe ƙofa ba. Hujjarta gajera ce: ita da ta ce wa uwarta ba a tilasta zuciya, da wane baki za ta sa alƙali ya tilasta ta ɗanta? Ta kira shi ta ce masa, "Ɗana, ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye maka ba. Ina yi maka addu'a kullum, ba zan daina ba. Amma nan gidan ubanka ne. Abu ɗaya, kada ka raina abin da ubanka ya mutu a kai a gaban ƙannenka." Ya ce ya ji. Yana zuwa, yana cin abinci, in lokacin salla ya yi ya ɗauki buta. Wani lokaci yakan ajiye wa ƙannensa kuɗin littafi.

Ina ganin ta yi daidai, amma ba zan ce abin bai ci mata rai ba, kuma ba zan ce za a ga sakamakon da dattawa ke fata ba. Kotu, ko da ta ba ta gaskiya, jikin yaron za ta dawo da shi na shekara biyu, ta bar mata gabar dangi ta har abada. Masu cewa ta yi sake suna auna ta ne da ƙidayar kawuna a benci ranar Lahadi. Matar fasto ta ce a addu'ar Laraba sunan yaron ne farko, kuma sau da yawa ba a kai ƙarshen addu'ar da murya.

Inda ake yanzu

Bashin ya ragu zuwa jikka 40. Rancen zumuntar mata ta biya tun a shekarar farko. Surukarta ta fara amsa gaisuwa, har takan aiko a kawo mata man girki, amma ba ta taɓa taka gidan ba. Uwarta ta zo sau ɗaya da ciwon ƙafa, ta kwana, ta ci tuwo, ba a tayar da maganar addini ba. Masu neman aure daga ɓangaren dangi sun daina zuwa, a ikilisiya kuwa babu wanda ya fito, don mazan da suka kai shekarunta duk da matansu. Yara ukun suna lakwal, suna zuwa sujada.

Magana ta gaba ta riga ta kunno kai. Ɗiya ta biyu ta isa aure, kuma wani saurayi Kirista daga wajen Agye ya turo iyayensa gaisuwa. A al'ada wan uba ne mai ba da aure, shi ake kai wa goro da sadaki. Alhaji ya aiko cewa ba zai zauna a wannan ɗaurin aure ba, amma kuma bai yarda wani bare ya ba da 'yar ƙanensa yana raye ba. Uwar ta roƙi dattawan ikilisiya kada su tsayar da rana sai ta je ta same shi da kanta, kuma ta nemi malamin unguwarsu ya raka ta. Ya ce zai je, da sharaɗin a bar shi ya faɗi nasa ra'ayin a gaban kowa.